Ƙwaƙwalwar Yaya Tanimu a Kan Faifai

Jiya na yi wani mafarki, ba ma da dare ba, da rana tsaka bayan azahar, ina jingine da ginshiƙin rumfarmu ta ɗinkin hula, takardar Yaya Tanimu tana cikin aljihuna.

Bari in fara da takardar, don ita ce ta bi ni har can. Yaya Tanimu wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shekara huɗu ya ba ni. Mun fi shekara arba'in a tabarma ɗaya muna ɗinki da gyaran hula a bakin kasuwa. Shekara uku ke nan da ciwo ya kama shi, irin wanda ya kama Babanmu: hannu ya fara rawa, daga nan sunayen mutane suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya. A zamanin Baba cewa aka yi tsufa ne, wasu suka ce sammu. A zamanin Yaya likitoci suka ce ciwo ne da ke cin ƙwaƙwalwa a hankali, kuma ba a gama gane shi ba, saboda da wuya a samu ƙwaƙwalwar da za a buɗe a duba. Tun hankalinsa na tare da shi Yaya ya ce in ya cika a duba tasa. Ya tambayi malamin da ya yarda da shi, ya tambayi likitarsa, Dakta Hansatu, ko abin zai jinkirta jana'iza, ta ce ba zai jinkirta ba. Ya sa hannu. Saura hannun ɗan'uwa na kusa, shi kuma ni ya zaɓa. Takardar ta yi wata biyar a wurina. Dakta ta ce ranar Alhamis za ta zo karɓa, in babu hannuna magana ta mutu, domin Yaya ya wuce lokacin da za a sake tambayarsa. Jiya kuwa Laraba ce.

Duk wanda ya tambaye ni sai in ce tsoron Allah ne ya riƙe min hannu. Ƙarya nake yi, kishi ne. Tun muna yara shi ake zaɓa. Shi Baba ya fara miƙa wa allura. In na ɗinka hula ta yi kyau, mai saye sai ya juya ta ya ce kai, Tanimu ya iya. Ni ne mai riƙe girman kan kowane mai sayayya ba tare da awo ba, ni ne ba na mantuwa, amma ko sau ɗaya ba a taɓa zuwa da mota don kaina ba. Shi da ya manta sunan unguwarsu, shi aka zo wa da mota da takarda mai hatimi. Ko a ciwo ma ya fi ni.

Da wannan a zuciyata barci ya sace ni.

Sai na gan ni a wata tasha, ana ruwa. Ruwan daga ƙasa yake tashi. Kududdufai suna ƙafewa ɗigo-ɗigo suna hawa sama, mutane sun shimfiɗa laimominsu a ƙasa suna takawa don kada wando ya jiƙe. Wata mata ta kife bokiti bisa kanta tana tara ruwan. Ban yi mamaki ba, na dai naɗe ƙafar wandona. Abin da ya tsaya min a rai shi ne duk garin babu mai hula. In mutum biyu suka haɗu, kowa sai ya ɗaga murfin kansa kamar murfin tukunya, su leƙa na juna, su ce madalla, su mayar su wuce. Na ce a raina, a garin nan yunwa ce za ta kashe mai sana'ata.

Wani mai sayar da rake ya ɗaga min nasa. Na leƙa, ba komai a ciki sai wata waƙa guda ɗaya da take ta zagaye. Ya jira in ɗaga nawa, na dafe hulata da hannu biyu. Ya ce ba komai, baƙo ne, baƙi duk haka suke. Sannan ya nuna min wani gini da sandar rake, ya ce masu takarda can suke zuwa.

A ofishin akuya ce a kan tebur, ja mai farin goshi, da tabarau a rataye a ƙaho. Bayanta bunsuru yana barci a kujerar da ke juyawa, na gane shi ne babba. Ƙa'idar ofishin ita ce duk takardar da aka amince da ita cinye ta ake yi, wadda aka ƙi kuma a adana ta da kyau a cikin kabad. Kabad ɗin a cike yake har ba ya rufuwa. Na gaishe ta, na ce ranki ya daɗe, ta amsa da baki cike. Ban fito da takardar ba, ita ce ta sunsuna aljihuna ta zaro ta. Ta lashi gefenta, ta yamutsa fuska, ta tofar.

"Malam Sallau, wannan ɗanya ce," in ji ta. "Babu hannunka."

Na fara yi mata bayanin da na saba yi wa mutane, na ce ana son gawa ta koma ga Ubangijinta yadda ta zo. Ta bar ni na gama tsaf. Sannan ta ce ai ba ita ce malamar ba, kuma mai gawar ya riga ya tambayi nasa malamin tun kafin ni in farga. Ta tambaye ni ko ni na je na tambayi wani. Na ce ban samu lokaci ba. Ta ce wata biyar. Na ce aiki ya yi yawa. Bunsurun ya buɗe ido ɗaya ya ce a rubuta masa kishi, ya mayar da idon ya rufe. Akuyar ta ɗauki hatimi ta buga min a goshi, ta mayar min da takardar. Ban ji zafi ba, sai dai na ji goshin ya yi nauyi.

Ina fita sai na ji kiɗa.

Taro ne ya cika titi, da kalangu da guɗa. A gaba wasu mata huɗu sun ɗauko faifai guda a kan tafin hannu, suna tafiya a hankali kamar masu ɗauke da nonon da ya cika ƙwarya. A kan faifan ƙwaƙwalwa ce, an kifa mata hula. Tun daga nesa na gane hular. Hular gwajin Yaya ce.

Dole in tsaya in faɗi abin da ake nufi da ita. A sana'armu ba a gyara hular da asu ya ci da ka. Sai an ajiye lafiyayya mai zane iri ɗaya a gefenta, ana duban wannan ana duban waccan, sannan a gane inda zare ya ɓace da yadda ya kamata ya bi. Gidanmu zane ɗaya muka gada daga Baba, mu uku duk shi muke ɗinkawa, bambancin kawai alamar da kowa ke bari a ciki: Baba ƙulli ɗaya baƙi, Yaya biyu kore, ni uku ja. Yaya yana da wata ƙube da yake ajiyewa a adaka, naɗe da farin ƙyalle, ita yake fitowa da ita duk ranar da aka kawo gyara mai wuya. Mutane kan taru su yi ta yabonta. Ni kuwa duk ranar da ta fito sai in ga ina da aiki a ɗaya gefen tabarma. Shekara arba'in ban taɓa ta ba, ban ma yi mata kallo biyu ba, don ba na son ganin iyakar gwanintarsa a wuri ɗaya.

To ita ce aka kifa a kan faifan. Wani maroƙi yana gaba yana kirari, kuma ba wayon ƙwaƙwalwar yake yabo ba, ramukanta yake yabo. Yana cewa ga mai rami goma sha biyu, ga wadda ta manta Talata ta manta Laraba, ga wadda za a karanta kamar allo. Jama'a suna ta ɗaga murfin kai suna gaishe ta. Bayan faifan ga Yaya Tanimu da kansa, yana tafe cikin farar rigarsa ta Juma'a, kansa a buɗe, iska tana shiga tana fita. Hannuwansa ba sa rawa ko kaɗan. Yana ta ɗaga wa mutane hannu kamar wanda ya dawo daga Makka.

 Na kutsa na kama rigar maroƙin, na ce masa ni ne ƙaninsa, ni ne nake tuna masa sunan 'yarsa kullum da safe, ni nake ɗaure masa maɓalli. Maroƙin ya dube ni ya dubi hatimin goshina, ya juya ga jama'a ya ce ga ƙanin mai ƙwaƙwalwa nan ya iso. Aka yi guɗa. Ko a can ma sunana ke nan.

Na yi wa Yaya magana, na ce Yaya ina za ka. Ya ce min yana rakiyar kansa ne, ya kusa dawowa. Ya tambaye ni ko na rufe rumfa. Sannan taron ya ja shi suka yi gaba, ruwa yana ta tashi daga ƙarƙashin ƙafafunsu.

Na ce wallahi ba za a yi haka da ni ba. In ƙwaƙwalwa ake so, ga tawa nan sabuwa fil, ko rami ɗaya babu.

Sai ga ni a kasuwa, a layin masu awo. Wata tsohuwa ce zaune da mudu, sunanta Kuluwa, ban san yadda na san sunanta ba. Ita ke duba kan duk wanda ya kawo nasa. Na tsuguna, na cire hula, ta ɗaga murfin da ɗan yatsa ɗaya. Na ji sanyi ya shiga, irin na randa. Ta sa muciya ta ɗan juya, ta fara fito da abubuwa tana jerawa a kan buhu.

Da farko na ji daɗi. Ta fito da girman kan mutanen garinmu kaf, kowanne da sunansa, har da na waɗanda suka mutu. Ta fito da ranar da aka haifi kowane ɗa a gidanmu. Ta fito da hanyar ƙauyen kakanninmu da duk bishiyar da ke bakinta. Masu kallo suka ce kai, wannan kai ya tara. Na gyara zama, na duba ko akwai maroƙi a kusa, babu.

Daga nan ta zura hannu can ciki, ta daɗe tana ja. Ta fito da ranar da Baba ya miƙa wa Yaya allura, a goge tas, ko ƙura babu. Ta fito da wani Alhaji mai shanu da ya ce shi sai ɗinkin Tanimu. Ta fito da ranar da Inna ta zuba wa Yaya nama biyu ni ɗaya, ina ɗan shekara bakwai, har romon bai huce ba. Ta yi ta fitowa da su har buhu ya cika, aka aro na maƙwabciya. Duk wani yabo da aka taɓa yi wa Yaya yana nan, an naɗe shi an jera, kowanne da ranarsa. Shi wanda aka yaba ya manta da su tuntuni, ni ne nake yi masa ajiya.

Kuluwa ta leƙa ta ƙara leƙawa, ta ce, "Ɗan nan, ina naka yake?"

Na ce mata yana nan ciki, ta duba da kyau. Ta kife kan ta girgiza, sai wani ɗan zare ja ya faɗo, bai kai tsawon yatsa ba. Ta ce shi ke nan abin da ya rage. Ta kwashe komai ta mayar, ta danna murfin, ta ce kai dai lafiyayye ne, babu rami, sai dai mai gidan ya ba wa wansa haya shi yana kwana a zaure. Masu kallo suka yi dariya ba da mugunta ba. Na tambaye ta ko za a ɗora tawa a faifai. Ta ce ita awo ne nata, in bi layin can in tambayi masu fararen kaya.

Layin ya fi duk wanda na taɓa gani tsawo, kuma da baya yake tafiya. Duk wanda ke cikinsa yana riƙe da kofin shayi da cokali, hannu na rawa, cokali na bugun kofi, ƙarar ta cika wurin kamar ana ruwan ƙanƙara a kan kwano. A can gaba na ga Babanmu, da rigar da ba mu binne shi da ita ba, yana kallon kofinsa. Na gaishe shi, ya amsa da ladabi irin na wanda bai san ka ba. Haka ya yi mana shekara biyar kafin ya rasu, don haka ban ji sabon ciwo ba, tsohon ne ya motsa.

Da na yi ta bin layin sai na ga mutanen suna ƙara yarinta. Akwai masu furfura, akwai masu ƙarfi a jika, har da mata masu goyo. Su na baya hannunsu bai fara rawa ba tukuna, suna dai riƙe da kofi suna jira. A cikinsu na ga Uwani 'yar Yaya, na ga babban ɗana, na ga wasu masu irin hancinmu da ban taɓa gani ba, na gane ba a haife su ba tukuna. Na ce wa ɗana ya fito daga layin nan. Ya ce ba shi ya shiga ba, a ciki ya tsinci kansa, kuma an ce ba kowa layin ke kaiwa gaba ba, amma ba wanda ya san wa zai kai. Na ja hannunsa, sai layin ya matsa da shi taku ɗaya.

Ƙofar da layin ya nufa a buɗe take, na shiga.

Ɗakin rumfarmu ce sak, har da ginshiƙin da nake jingina da gumakan katako da muke kifa hula a kai in an wanke. Balbelu ne zaune a tabarmarmu, farare tas, kowace da allura a baki. Babbarsu tana da muryar Dakta Hansatu. A tsakiya ga faifan, an ɗauke hular an ajiye a gefe. Na ga ƙwaƙwalwar Yaya da idona. Ashe ɗinki ne, zare a kan zare, zanen gidanmu, kuma asu ya ci ta a wurare da yawa. Wani wurin zaren ya tsinke, wani wurin ya cukurkuɗe ya dunƙule. Balbelun sun kewaye ta sun zuba ido, ba wadda ta motsa allura. Yaya yana zaune a gefe yana kallonsu, hankalinsa kwance.

Babbar ta ce Baba Sallau, sannu da zuwa, mun daɗe muna jiranka. Ta ce abu biyu ya tsayar da su. Na farko, ba su da izinin taɓa wannan sai da hannuna, kallo kawai suke yi. Na biyu kuma ta ce ni ma na san shi, tunda ni mai gyara ne. Na dubi faifan, na dubi gefensa inda babu komai, na gane. Babu lafiyayya a kusa. Ta ce masu ciwo kan bayar da tasu wani lokaci, amma masu lafiya ba sa tunanin ana bukatar tasu, alhali ba a gane inda zare ya ɓace sai an ga inda bai ɓace ba. Ta ce tawa irin wadda suke nema ce, zane ɗaya, gida ɗaya, shekaru kusa da juna. Ba yau ba, in ji ta, sai ranar da na gama amfani da ita.

Wani zai ce na ji daɗi. Na ji, amma na ɗan lokaci. Sai na lissafa na ga ashe ba don kaina ake so na ba, don a duba ta Yaya ne. Ni ne zan zauna a gefe, shi a tsakiya, kamar kullum. Na tambaye ta wace za a ajiye a dama. Ta ce duk wadda ta fara zuwa. Na tambaya sunan wa za a fara rubutawa. Ta ce ba a rubuta suna, lamba ake sakawa, don a rufa wa kowa asiri. Na ce to in haka ne wa zai san cewa tawa ce lafiyayyar. Ta ce babu. Na ce faifai fa, da maroƙi. Ta ce wannan a titi ake yinsa, su nan aiki suke yi.

Na ce to a bar ni in yi tunani. A waje ƙarar cokula ta ƙaru, layin ya sake matsawa.

Yaya ne ya yi magana, da muryarsa ta da, wadda na yi shekara uku ban ji ba.

"Sallau, ka fiye tsayawa a ɗaya gefen tabarma. Miƙo min hular gwajin nan."

Na ce ya sa wata balbela ta miƙo masa. Ya ce ni ya aika. Ban taɓa ƙin aiken Yaya ba a gaban mutane, ko da tsuntsaye ne, don haka na sunkuya na ɗauka. Karo na farko ke nan da ta taɓa hannuna. Ba ta da nauyi, ɗinkinta a matse, babu inda allura ta yi gardama. Kishi ya taso min, na ce a raina mutum ɗaya ya iya wannan kuma a ce ƙwaƙwalwarsa ma ita ake so. Yaya ya ce in juya cikinta. Na ce na ga abin da zan gani. Ya ce in juya. Na sa babban yatsa na fara turo cikin waje, ƙarar cokula tana ta matsowa, ta shigo ɗakin, ta zo daidai kunnena.

Na buɗe ido. Cokali ne yake bugun kofi.

Yaya Tanimu ne zaune kusa da ni a tabarma, an kawo masa shayinsa na la'asar, hannunsa yana ta rawa, rabin shayin ya zube a rigarsa. Rana ta karkata, wani mai baro yana neman hanya, ruwa bai sauka ba bai kuma tashi ba. Na karɓi kofin na riƙe masa ya sha. Sai na ga adakarsa a buɗe, farin ƙyallen a ƙasa, hular gwajin a cinyarsa. Yakan yi haka kwanan nan, ya fito da kaya ya rasa dalili.

Ya dube ni da kallon da Baba ya yi min a layi. Ya ce, "Malam, kai ma ɗinki kake yi?"

Na ce ina taɓawa, Yaya.

Ya turo min hular da hannunsa mai rawa, ya ce in duba in ga aiki. Ya ce ƙaninsa ne ya ɗinka ta yana ɗan shekara goma sha bakwai, Babansu ya ɓoye ta don kada yaron ya yi girman kai, ya ce masa an sayar. Ya ce shi da ita yake auna duk aikinsa, kuma har yau bai kamo ta ba. Ya yi ta neman wani abu a cikin kansa, sannan ya ce sunan ƙanin nasa ya ɓace masa, amma in na gan shi in gaishe shi.

Na juya cikinta. Ƙulli uku ne, ja, sun ɗan koɗe.

Ni da ba na mantuwa, ni da na adana naman da aka ba shi shekara hamsin da suka wuce, shekara arba'in ina kawar da kai daga aikin hannuna ina jin haushin wanda ya ɗinka shi. Na yi kuka a bakin kasuwa, ba zan ɓoye ba. Yaya ya dafa kafaɗata ya ce in yi haƙuri, in na dage ni ma zan iya.

Na aro biro wurin mai shayi, na ɗora takardar a kan gunkin hula na sa hannu. Yau da safe Dakta Hansatu ta zo, na miƙa mata, na ce ta kawo min wata irinta da sunana, zan kai wa malam mu yi magana in sa hannu, ɗana ya sa nasa a ƙasa. Ta dube ni ta ce ta ɗauka sai ta sha fama da ni. Na ce sharaɗi ɗaya gare ni, in ranar ta zo a ajiye tawa kusa da tasa. Ta ce za ta rubuta. Har ta kai mota na bi ta, na ce in da hali, tawa a dama.